Hannun Ilu

Ran da suka ɗora babur ɗina a motar kame,
da ƙafa na koma Agege, hular kwano a hannu.
Inna ta dube ni, ta dubi hular,
ta ce, "Ajiye ta nan, ma zuba albasa."

Wata uku ina ɗumama benci a bakin titin jirgi
kafin a ce an buɗe wurin koyon sana'a a Oshodi,
gyaran firiji da injin sanyaya ɗaki.
Kyauta ne, in ji takardar.
Kyautar tana da layi goma sha tara,
na huɗunsu yana tambayar jihar asali.
A Agege aka binne cibiyata,
nan kakana ya sayar da goro har haƙoransa suka ƙare,
amma biro ya tsaya a sama kamar shirwa.
In na rubuta Legas, magatakarda zai murmusa.
In na rubuta Katsina, wadda na gani sau biyu,
can ma ɗan Ikko suke kirana.
Na dai rubuta.
Ba zan gaya muku wacce ba.

A benci na uku na haɗu da Ilu.
Zazzaɓi ya tafi da jinsa yana ɗan shekara biyar,
ya bar masa idanu masu yunwa.
Oga Bamidele na bayani, muna gyaɗa kai,
Ilu na karanta yatsun Oga.
Mu kunne muke karawa a jikin firiji,
shi tafin hannu yake ɗorawa,
ya lumshe ido kamar ungozoma,
sai ya nuna inda iskar ke zurara.
Sau ɗaya na ga ya kuskure,
ran nan ma ina zargin firijin.

Wata shida, sai takarda mai hatimi,
lemun kwalba, da hoto da manyan baƙi.
Wani kamfani a Ikeja na son mutum uku,
suka ce za su kira a waya.
Ilu ya taɓa kafaɗata, ya rubuta lambata gaban sunansa.

Ranar wata Talata ina cikin danfo,
gosulo ya riƙe mu, ruwa na dukan rufi,
kwandasta na rigima kan canji,
sai waya ta yi ƙara.
Muryar mace, Turanci mai santsi:
Iliyasu ake nema, shi ya zo na ɗaya.
Wallahi harshena ya ɗauko "ni ne"
ya kawo shi har bakin haƙora.
Kuɗin haya na jira. Maganin Inna na jira.
Na haɗiye.
Na ce abokinsa ne, shi ba ya ji,
amma ku ba shi injin da ya mutu ku gani.
Shirun da ta yi ya fi na Ilu tsawo.
Ta ce za su sake kira.

Damina ta wuce, wata ta zo.

Yanzu muna Mile 12, bayan masu tumatir,
ƙarƙashin laima mai haƙarƙari biyu a karye.
Iya Ronke mai kifi ce ta fara kawo nata,
ta biya rabi kuɗi, rabi panla,
ta kuma baza labari har Ketu.
A allonmu sunansa ne a sama, lambata a ƙasa.
Ni nake ciniki, har da Yarbanci in ta kama,
shi yake ɗora hannu.
Jiya wata yarinya kurma ta tsaya tana kallo,
bai kore ta ba, ya miƙa mata sukundireba.

Hular kwanon na karɓo ta wurin Inna.
A ciki muke tara kusoshi,
har yau tana ɗan warin albasa.